Kai, Ina Za Ka Kai Ni?

Bari in faɗi gaskiya tun kafin wani ya faɗe ta a madadina: wawan labarin nan ni ne. Duk wanda ya san gidanmu a bayan Fadan Kaje ya san haka, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin da abin ya faru. Tun da ba ɓoyuwa zai yi ba, gara in ɗauki kayana in aza a ka da hannuna.

Mijin yayata, wanda duk muke kira Baba, ya yi barci cikin Ubangiji ranar Laraba da hantsi, ana tsakiyar haƙar citta. Ina wurin. Da idona na ga numfashin ya tsaya, da hannuna na taya yayata gyara masa mayafi. Dangi suka ce ni zan kai labari Kafanchan wurin amininsa, in wuce Godogodo wurin ƙanwarsa. Na sa rigar zuwa coci, na shiga motar kasuwa, ina shirya fuskar da ta dace da mai kai labarin mutuwa.

Amininsa wani Alhaji ne mai sayen citta, sun fi shekara talatin suna ciniki suna faɗa suna shiryawa. Na tarar da shi a kan buhuna yana duba kaya. Na gaishe shi, na ce, "Alhaji, sai haƙuri. Baba ya tafi." Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Malam, Sani ne ko Tsammani?" Na ce Sani ne. Ya ce, "Ka taɓa jikinsa?" Na ce na taɓa. Sai ya ce innalillahi, ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna rawa. Ya sa aka rufe rumfa ranar, ga masu kaya a tsaye.

A Godogodo abin ya fi muni. Ƙanwar Baba tana shanyar acca. Da na faɗa mata, ko tsintsiyar ba ta ajiye ba. Ta ce, "Wa ya gani?" Na ce ni. Ta ce, "Ban da kai fa?" Sai da na lissafa mata mutum huɗu, har da Fasto, sannan ta saki tsintsiya ta ɗora hannu a ka.

Ranar jana'iza, matan zumuntar coci suna waƙa suna buga tulu, mutane sun cika gida har bakin gona, na ji wata tsohuwa tana tambayar ta kusa da ita, "Wa ya kawo muku labari?" Da aka nuna ni, sai ta ce gara ta leƙa akwatin da kanta. Ta kuwa leƙa. Babban ɗan marigayin, wanda ya yi soja, yana tsaye da hannunsa na hagu da ba ya lanƙwasuwa, hawaye na zuba, amma sai da dariya ta ƙwace masa. Ni ma na yi, don in ban yi ba me zan yi?

Ga dalilin da ya sa ba a yarda da ni a kan mutuwa. Amma kafin in kai can, bari ku san mutumin.

Dogo ne, siriri, mai tafiya kamar yana tambayar ƙasa izini. Bai taɓa shiga aji ba. Hausarsa ta kasuwa ce da ta coci, irin Hausar da ba ta san mace ba: yayata "shi" ce a bakinsa, akuya ma "shi" ce. Na sha yi masa dariya a kan haka, don tsakanin mutum da mijin yayarsa akwai wasa, ni kuwa na ɗauki wasan nan aikin gwamnati. Ni ai na yi aji huɗu a makarantar mishan, kuma aji biyu sau biyu na yi shi, saboda malamai sun kasa rabuwa da ni. Shi ya sa yake kirana Malam, da wata irin girmamawa wadda sai da na yi furfura na gane akwai barkono a cikinta.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne magana da kansa. Ba irin ta masu taɓin hankali ba. In wani abu ya taso, ko gardamar iyakar gona, ko yaro ya zo da gudu ya ce shanu sun shiga dawa, Baba ba ya zabura. Sai ya ɗaga yatsu biyu ya ƙwanƙwasa gefen goshinsa kamar mai sallama a ƙofar wani, ya ce, "Kai, kai, ina za ka kai ni?" Sai ya yi shiru, ka rantse yana jiran amsa. Kuma da Hausa yake yi, alhali da mu da yarenmu yake magana. Na taɓa tambayarsa dalili. Ya ce, "In na yi da yarenmu, maganan yana gudu, ba na kama shi. Da Hausa kuwa sai ya yi ɗingishi, in gan shi da kyau kafin ya wuce."

Yana cewa akwai 'yan'uwa biyu da ke shiga kan mutum, Sani da ƙanensa Tsammani. Kamarsu ɗaya, muryarsu ɗaya, rigarsu ɗaya. Bambancin kawai, Sani shi kaɗai yake zuwa, Tsammani kuwa kullum da ɗan rakiya, ko Tsoro ko Kwaɗayi. "In baƙo ya shigo kanka," in ji shi, "kada ka ba shi kujera sai ka leƙa bayansa ka ga wa ya rako shi." Ya riƙa kiran sunayen nan har wani sabon Fasto da aka kawo mana ya ɗauka 'ya'yansa ne. Wata Lahadi bayan sujada ya ce, "Baba, Sanin nan da kake yawan ambata, a ina yake aiki?" Baba ya ce, "Ba ya zama gida sosai, Fasto. Ƙanensa ne kullum a nan yana cinye mana tuwo."

Inda ya samo halin nan, yayata ce ta gaya mini, shi bai taɓa ba. Yana saurayi mafarauci ne. Wata shekara ta yunwa ya fita da sassafe gindin dutse, kwana biyu ba nama a gida. Cikin doguwar ciyawa ya ga ƙaho biyu suna motsi. Gada! Ya ɗora kibiya mai dafi, ya ja baka har kunne. Sai wani abu a cikinsa ya ce, wa ya gaya maka gada ce? Ka ga ƙafa? Ka ga wutsiya? Ya riƙe numfashi. Ƙahon suka miƙe tsaye, sai ga yarinya da damin itace a ka, reshe biyu sun fito ta gaba. Yayata ce. Ya zauna cikin raɓa, ita kuwa ta wuce ba ta ma san an yi ba. Daga baya ya ce mata yunwa ce ta zana ƙaho a kan itace. Bai sake ɗaukar baka ba. Da nake yaro na ji labarin na ce ashe da kibiya aka nemi aurenta. Ita kuma takan ce da ya saki kibiyar da ta huta da shekara hamsin na "kai, kai."

Shekarar da aka mai da tuƙi hannun dama, an yi ta shela a rediyo, kowa ya ce ya gane. Baba kaɗai ya ɗaure tsumma ja a hannun kekensa na dama. Na ce, "Baba, ka manta hannun da kake cin tuwo ne?" Ya ce, "Ni na ji shela, Malam. Ƙafana bai ji ba. Hanya ya canja rana ɗaya, kai kuwa sai ya shekara yana bin tsohon hannu." Ban faɗa masa cewa sati biyu bayan nan wata motar katako ta tura ni cikin kwata a hanyar Zonkwa ba. Ya dai ga gwiwata, ya kawo mini jan tsumma.

To, ga maganar.

Babban ɗansu ya shiga soja lokacin yaƙin basasa, ya bar mata da ciki. Yakan rubuto wasiƙa da Hausa, ni nake karantawa, don duk unguwar ni ne mai karatu. Sai wasiƙu suka ɗauke. Aka gama yaƙi, 'ya'yan wasu suka fara dawowa da akwatin ƙarfe da rediyo, namu shiru. Yayata ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu.

Wata Lahadi bayan sujada Fasto ya miƙo ambulan da ya zo ta jakar coci. Muka koma gida, aka shimfiɗa mini tabarma a gindin ɗorawa, na sa tabarau. Tun a bayan ambulan na ga ba rubutun yaron ba ne. Na buɗe, sai ga Turanci, shafi guda cur, rubutu a kwance kamar dawa bayan iska. Matar yaron tana tsaye da goyo, yayata ta durƙusa a gabana tana kallon bakina.

Na bi layi da yatsa. Na ga sunan yaron. Na ga kalmar asibiti, wannan na san ta. Na ga "sori." Sannan, dab da sunansa, na ga ƙaramar kalmar nan da ake sawa gaban sunan wanda ya mutu, wadda nake gani a takardun jana'izar manya. Na ninke takardar a hankali yadda na ga manyan malamai suna yi, na cire hula, na ce, "Sai haƙuri. Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa."

Yayata ta faɗi. Kuka ya tashi daga gidanmu ya kama gidan gaba, kafin a jima mata suna ta ɓullowa ta cikin gonaki da hannu a ka. Wani ya tafi kama akuya, wani ya tafi neman mai ganga. Bisa al'adarmu, ranar da aka ji mutuwar miji ake aske kan matarsa, daga nan ta zama gwauruwa a idon kowa, bayan makoki kuma danginta su zo su tafi da ita, ɗan ya zauna a gidan uba in an yaye shi. Tsofaffin mata suka kwance wa matar yaron goyo, suka zaunar da ita a kan turmi, suka cire mata ɗankwali. Ɗaya ta kawo ruwa a ƙwarya, ɗaya tana wasa aska a tafin hannu. Yarinyar ko kuka ba ta yi, idonta a buɗe kamar na kifi.

Duk wannan abin Baba yana zaune a kan gungume bai motsa ba. Sai na ga yatsu biyun nan sun tashi. Ya ƙwanƙwasa, leɓensa ya motsa. Ya miƙe, ya taka har gaban turmi, ya ce, "Kada a taɓa kan yarinyan nan sai na gama da nawa kai." Ya karɓi askar daga hannun tsohuwar, ya naɗe ta a ganye, ya sa aljihu.

Sannan ya juyo gare ni. "Malam, zo." Ya tsinko karan ciyawa ya ba ni. "Buɗe takarda. Nuna mini kalman da ka sani kamar yadda ka san sunan uwarka."

Na ce, "Baba, yanzu lokacin wannan ne?"

"Nuna."

Na nuna. Ban da ƙananan kalmomin nan da ba su ɗauke da komai, huɗu ne. Ya ce, "Sauran fa?" Na ce ai mai ilimi yana gane sauran daga yanayin magana. Ya ce, "Wa ya gane, Sani ko Tsammani?"

Nan raina ya ɓaci, ga mutane suna ji. Na ce, "Ka taɓa riƙe alli? Ka san inda baƙi yake fuskanta? Ɗanka ya mutu, ka tsaya kana yi mini jarrabawa!" Allah ya gafarta mini, haka na ce wa mutumin da ya biya mini kuɗin littafi a aji uku.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ban taɓa riƙe alli ba. Shi ya sa na san ban sani ba. Kai ne abin tsoro, da ka san huɗu." Ya matso har ina jin numfashinsa. "Gaya mini gaskiya, gaban Allah. Lokacin da ka ga ba hannunsa ba ne a bayan ambulan, kafin ka buɗe, me kanka ya ce maka?"

Na nemi in kauce. Amma ba a yi wa idon nan ƙarya. Na ce, "Ya ce ya mutu."

"To kanka ka karanta mana, Malam. Takarda yana nan ba a karanta shi ba tukuna."

Kada ku ɗauka mutane sun yaba masa. Wansa ya ce wannan taurin zuciya ne, ana hana mamaci haƙƙinsa. Tsofaffin matan suka ce tun da aka kafa ƙauyen ba a taɓa mai da aska kube a bushe ba. Yayata ta ɗago daga ƙasa, fuska duk turɓaya, ta ce masa da yarenmu, "Ka bar ni in yi kukan ɗana! Shekara guda ina haɗiye shi, yau ma sai ka hana ni?" Na ga maganar ta shige shi kamar mashi. Ya ce, "Kwana ɗaya nake roƙo. In gaskiya ne, jibi ni zan fara kuka, kuma ni zan miƙa aska."

Washegari muka shiga motar Kafanchan, ni da shi, takardar a cikin hularsa. Ina cika ina batsewa. Mun wuce rabin hanya kafin ya yi magana, kuma ba ni yake kallo ba. Ya ce, "Kada ka ɗauka na ce yana da rai. Kaina yana so ƙwarai ka yi kuskure. Tun jiya yake kawo mini dalili, kowane da kyaunsa. Na leƙa bayansu, Kwaɗayi ne ya rako su duka. Naka Tsoro ya rako, nawa Kwaɗayi. Mu biyu ba mai Sani." Ya share ido da bayan hannu. A raina na ce, wane irin mutum ne wannan, da ko begen ran ɗansa sai ya tsayar da shi a ƙofa ya tambaye shi daga ina?

A bakin gidan waya akwai mai rubuta wa mutane wasiƙa, da teburinsa da tafireta. Baba ya nuna mini gindin wani mangwaro can nesa ya ce in tsaya. Na ce ai gara in je in yi wa mutumin bayani. Ya ce, "Shi ne abin da ba na so. In ka gaya masa abin da ka gani, idonsa zai bi bakinka." Na tsaya kamar jakin da aka ɗaure, ina hango su. Mutumin ya karanta, ya yi magana, Baba ya gyaɗa kai, ya karɓi takardarsa ya mai da cikin hula. Ya dawo fuskarsa ba ta ce komai ba. Na ce, "Me ya ce?" Ya ce, "Mu je kasuwa."

A rumfar Alhaji mai citta akwai wani tsohon akawun jirgin ƙasa da ke zama yana shan iska tun da ya yi ritaya. Baba ya gaisa da su, ya miƙa masa takardar, ya ce, "Taimake ni da wannan, ban san abin da ke ciki ba." Ni aka ce in zauna bayan buhuna in riƙe bakina. Akawun ya goge tabarau, nasa na gaske, ya riƙa karantawa yana juyawa da Hausa. Abokin yaron ne ya rubuta, don yaron ya ji rauni a hannu, yana asibiti a can gabas, amma yana samun sauƙi. Yana ba da haƙuri da dogon shiru. An sallami wasu, shi kuwa takardarsa ta sallama ta yi latti, sai bayan damina. Yana tambaya ko matarsa ta sauka, mace ko namiji.

Latti. Kalmar da na sha bulala a kanta a makarantar mishan fiye da kowane yaro a ƙasar Kaje. Kullum da safe sai an faɗa mini ita da Turanci kafin a ce in juya baya. Da Turanci kalma ɗaya ce da wadda ake sawa gaban sunan marigayi. Ita ce na gani dab da sunan ɗan yayata na kashe shi da ita.

Baba ya ce, "Haka na farkon ya faɗa." Sai ya zauna a kan buhun citta, ya fashe da kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Alhaji ya riƙe shi. Da ya lafa, Alhaji ya ce, "Kai kuwa, tun can ka ji labari mai daɗi, ka iya takowa har nan da shi a ciki?" Baba ya ce, "Ya gaya mini abin da nake so, Alhaji. Ran da aka ba ka abin da kake so, ran nan ne ya kamata ka ƙirga shi sau biyu." Ya ƙwanƙwasa goshi, ya yi ɗan murmushi. "Yanzu Sani ya shigo. Rabinsa dai. Na san yana da rai ran da aka rubuta. Sauran rabin sai na gan shi."

Hanyar komawa ita ce mafi tsawo da na taɓa bi. Na yi tunanin in sauka a Zonkwa in shiga jirgi zuwa inda ba a san ni ba. Da muka isa, gida cike, akuya a ɗaure, yarinyar tana nan kusa da turmi kamar ba ta tashi ba tun jiya. Baba ya faɗi labari. Abin da ya biyo baya, guɗa da tsalle da faɗuwa, ba zan iya rubuta shi ba. Sai idanu suka fara juyowa kaina, na ji wani ya ce "ɗan boko." Baba ya ɗaga hannu. Ya ce, "Malam ya ba mu abin da yake da shi. Mu ne muka ɗora wa akuya kayan jaki, don ba mu da jaki. Kuma duk wanda bai yi kuka jiya ba, shi ya fara zaginsa." Ya ciro askar ya miƙa wa tsohuwar, ya ɗauki ɗankwalin ya ba surukarsa da hannu biyu. Akuyar dai ba ta tsira ba, an ci ta da murna.

Sati biyu ban fita ba. Sai ga shi ya zo da wata takarda da ta zo da buhun takin zamani, da guntun fensir. Ya ce, "Malam, karanta mini. Amma duk inda ba ka sani ba, ja layi a ƙasansa." Na ce ya je wurin masu ilimi. Ya ce, "Su suna Kafanchan, kai kana nan." Na karanta, ina ja, ina ja, har takardar ta koma kamar gonar da aka yi wa kunya. Kunya kuwa ta kama ni, ta gaske. Ya ɗaga ta sama ya duba, ya ce, "Yawwa. Yau ka yi noma." Tun daga ranar nake karatu da fensir, kuma a bakina aka fara jin "ban sani ba," kalmar da malaman mishan suka manta ba su koya mini ba.

Yaron ya dawo ana girbin dawa. Ya rungumi uwarsa, ya ɗauki 'yarsa da hannu ɗaya, ya durƙusa wa ubansa. Baba ya shafa fuskarsa, ya ce, "Sani ya cika." Sannan yaron ya waiwayo ya gan ni ina ƙoƙarin ɓuya bayan rumbu. Ya ce, "Kawu! Abin da harsashi ya kasa, ashe kai ka gama shi da tabarau?"

Shekarar da ta wuce Baba ya fara mantuwa, kuma shi ya fara lura kafin kowa. Ya tara mu ya ce, "Kaina ya fara zubar da kaya a hanya. In na faɗi magana sau biyu, ku gaya mini, kada ku ji nauyi. In na ce wani ya ɗauke mini abu, kada ku yarda da ni sai kun duba aljihuna." Ya sa aka kira dattawa ya nuna iyakokin gonaki tun yana iya tuna su, ya ce kada a jira ranar da Tsammani zai zauna a kujerar Sani shi bai sani ba. Na ga mutane da yawa sun tsufa. Ban taɓa ganin wanda ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon hankalinsa na fita, yana yi masa rakiya cikin ladabi, sai shi.

Ranar Talata da rana, kwana ɗaya kafin ya rasu, Fasto ya zo yi masa addu'a. Ya riƙe hannunsa ya ce, "Baba, ka tabbata inda za ka?" Yatsun nan biyu suka taso da ƙyar, ba su kai goshi ba suka tsaya a kunci. Sannan ya ce, "Ba Sani ba ne, Fasto, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma ba Tsammani ba ne, na leƙa bayansa ba kowa. Wannan 'yar'uwansu ne, Bangaskiya. Shi zai riƙe mini hannu har ƙofa. Sani yana ciki." Daga baya Fasto ya ce mini ya yi shekara uku a makarantar Littafi Mai Tsarki ba a gaya masa haka ba.

Kwana bakwai bayan jana'iza mutane suka watse. Na tarar da yayata a gindin ɗorawar nan tana kankare citta, kanta a aske, da askar nan dai. Na zauna kusa da ita, na gyara murya. Na ce, "Yaya, mutum irin wannan bai kamata a manta da shi ba. Jikoki za su taso ba su san shi ba. Na yanke shawara zan rubuta tarihinsa, tun da duk gidan nan, in ana maganar ilimi, ai kin san ni ne."

Ba ta ɗago ba. Ta jefa citta a kwando, ta ɗauki wata.

Ta ce, "Rubuta, Auta. Rubutunka bai taɓa kashe kowa ba. Karatun ne za ka bar wa wani."